Wadda Ta Riƙe Mini Mutanena

Salaga, cikin watan Sha'aban, 1955

Zuwa ga Azaratu, uwar gidana kuma uwar ɗana, sanyin idona, ruwan fari da ke sauka kan jar ƙasar Kumasi har ƙamshinta ya tashi, farin goro a tsakiyar huhu! Gaisuwa mai yawa, da godiyar da ta fi ƙarfin wannan takarda.

Wata goma ke nan rabona da fuskarki, kuma laifin nawa ne. Kin san abin da ya faru, amma ba ki ji daga bakina ba. Na taso daga arewa da tumaki ɗari uku na Babbar Sallah, ni ne madugu, mutum tara a bayana. Kafin mu kai mashigin Yeji ciwo ya shiga garken. Da safe mu binne goma, da la'asar mu binne ashirin, har ungulaye suka riƙa bin mu kamar 'yan rakiya. Ranar da ta ƙarshe ta faɗi na sallami mutanena, na ce su wuce gida, ni kuwa na juya Salaga. Kunya ce, Azaratu. Da wane ido zan shiga Zongon Kumasi da sanda kaɗai a hannu? Na bar ki da ciki, na bar miki gida cike da jama'a, na fake a zauren Malam Garuba ina sharar masallaci kamar wanda ba shi da kowa a duniya.

Makon jiya, bayan sallar hantsi, Malam ya ɗauko wani littafin tarihi da ya zo da shi daga Hajji, ya zaunar da ni. Ya karanta mini labarin wani shugaban Turkumawa a can ƙasashen gabas, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Makiyaya ne irinmu, ana ce musu mutanen Baƙar Tunkiya, rani a kwari, damina a kan duwatsu. Wani sarki mai rundunar da ba ta ƙirguwa ya taso masa, ya watsa masa jama'a, ya raba shi da makiyayar ubansa. Ya gudu har ƙasar Sham, can kuma aka kulle shi a kurkuku. Da ya fita bai tsaya zaman makoki ba. Ya kama hanyar gida da 'yan mahaya kaɗan, yana tafe mutanensa na fitowa daga lunguna suna bin sa, har ya ci babban birni ya kafa gidan sarauta, zuriyarsa suka gaje shi.

Malam ya rufe littafin ya dube ni. Ya ce, "Seini, shi dai kulle shi aka yi. Kai wa ya kulle ka?"

Na kauce wa tambayarsa. Sai na ce, "Allah ya gafarta Malam, da yake tsare, wa ya riƙe masa mutanen har ya dawo ya same su?" Malam ya ce littafin bai faɗa ba.

To ni na san wadda ta riƙe nawa! Ranar Juma'ar nan Bawah direban lori ya gan ni a ƙofar masallaci, ya riƙe baki. Shi ya ba ni labarinki, ina ji ina share ido da gefen rawani. Ya ce ko mutum ɗaya cikin tara ɗin nan bai bar gidanmu ba. Ya ce da Karimu ƙanena ya ɗaure kayansa zai koma garinmu Doso, kika tare ƙofa da tsohon cikinki kika ce, "Madugu bai mutu ba, ba kuma a raba garke don makiyayi ya je shan ruwa." Ya ce kina dafa wake da shinkafa kina kaiwa tashar Kejetiya, abin da ya rage a tukunya shi gida ke ci, ke ce ta ƙarshen sa hannu. Ya ce kin haihu lafiya, namiji, aka sa masa sunan mahaifina, Sumana, ba ki kuma yarda ko mace ɗaya ta zage ni a taron suna ba. Sannan ya isar mini da saƙonki: wai tumaki biyun da kika saya kika ajiye a unguwar Sofoline sun zama biyar, ke kuwa ba ki iya kiwo ba, in zo in karɓi aikina.

Wayyo Azaratu! Wace irin zuciya Allah ya dasa miki? Ana yi wa giginya gori cewa na nesa ke shan inuwarta. Ke kuwa na kusa ya sha, ni da na guje ki ma na sha. Ke ce rijiyar da ba ta ƙafe ba a shekarar da koguna suka ƙafe. Ke ce kukar da aka sassaƙe wa ɓawo, ta yi shiru, da bazara ta sake fid da ganye don waɗanda suka sassaƙe ta su sami miya. Da me zan saka miki? Asantawa na cewa medaase, wai sun kwanta a ƙasa don godiya. Ga ni kwance, uwar Sumana.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa a Ashanti New Town? Ragona ya tsinke igiya ya kifar miki da tukunyar koko, ruwan sama na zuba, ni ina ta ba da haƙuri. Ba ki yi faɗa ba. Kika damƙe ƙahonsa da hannu ɗaya, kika miƙo mini shi kina dariya, ruwa na gangarowa daga gefen ɗankwalinki. Tun ranar na san kin fi ni ƙarfin hali, amma girman kai na maza ya hana ni faɗa.

Ga alkawarina. Ranar Litinin zan hau lorin Bawah, in Allah ya yarda, da ni za ku ga watan azumi. Da tumaki biyar ɗin nan zan sake farawa, da mutum tara ɗin da kika tsare mini. Akwai fili ta wajen Asokore Mampong, zan nemi izinin masu ƙasa mu aza tubali. Ba birni zan ci ba, gida zan kafa, na makiyaya, inda Sumana da 'ya'yan Sumana za su tashi. Gidan Azaratu za a riƙa kiran sa, duk jikan da ya tambayi dalili kuwa a zaunar da shi a faɗa masa.

Roƙona ɗaya ne. Idan na shigo, kada ki ɓoye fushinki don idon jama'a. Kin haɗiye shi wata goma, ya isa. Ki kai ni ɗaki ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan sunkuyar da kai in saurara har ki gama. In kin gama, ki miƙo mini yaron, ki gaya masa ko ni wane ne, don bai san ni ba.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Seini