Fitilar da na saka a mota ta sa an karya hannun mutum

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, garin namu kowa ya san motar kowa. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya haɗa da shawarar.

Ni ma'aikaci ne a nan Wudil, ina da wata tsohuwar mota da nake lallaɓawa, ga ni da son gayu, ga saurin hannu. Wata biyu da suka wuce na shiga Kano na sayo fitilun LED ɗin nan shuɗaye masu kamar igiya, waɗanda ake liƙawa a ƙasan dashbod da jikin ƙofa. Na kai wa rewayan da ya shekara bakwai yana yi min aikin wuta, zan kira shi Malam Idi duk da ba sunansa ba ne, mutumin Dagumawa, rumfarsa tana bakin titi. Ya haɗa su da layin da sai an murɗa makulli yake kawo wuta, ya ja min kunne kada in ƙara komai ban tambaye shi ba.

Kwana huɗu aka yi mota ta fara min tsiya. Da safe in na murɗa makulli sai dai ƙas ƙas, batir ya kwanta. A tura ta tashi, in yini lafiya, gobe ma haka. Na koma masa, ya duba fis, ya gwada altaneta ya ce tana caji, ya ce akwai abin da yake shan wuta in mota tana kashe, in bar masa ita ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ban bari ba, don a majalisarmu wani ya riga ya zuga ni cewa musanyen batir aka yi min, wai haka suke yi, su cire mai rai su sa maka gawa. Maganar nan ta zauna min daram.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka kira ni jikin Hajiyarmu ya tashi a Lajawa. Mota ta ƙi tashi, ko turin ma ta ƙi. A kan babur aka kawo ta asibiti, yayana yana tallafe da ita ta baya. Ina ganin an ba ta gado na wuce rumfar Malam Idi, ko sallama ban yi ba, na shaƙe shi na kwaɗa masa mari, mutumin da ya ba ni shekara goma sha biyar. Ya ture ni na faɗa kan wata tsohuwar taya, na tashi idona a rufe na kwarma ihu na ce ɓarawo. Kun san Wudil ranar kasuwa. Kafin in rufe baki mutanen da ba su san shi ba, ba su ma san me aka sata ba, sun rufe shi, mai gora da gora, mai bel da bel, wani da sifanar taya. Ya sa hannu ya kare kansa, ni da kunnena na ji ƙarar ƙashin. Sai da makanikan da ke maƙwabtaka da shi suka shiga da ƙarafa suka janye shi, farar rigarsa ta Juma'a ta rine da jini. Hannun dama ya karye wuri biyu, haƙori biyu suka fita. Da aka zauna gaban mai unguwa na kafe cewa batirina aka canja, shi kuma yana ta rantsuwa, aka ce a bar wa Allah. Tun ranar ba wanda ya sake kai masa mota.

Na sayi sabon batir, kwana uku shi ma ya kwanta. A nan gabana ya fara faɗuwa. Na kai motar wajen wani rewaya a Kano, ya cire kan batir ya sa fitilar gwaji a tsakani ta kama, alamar akwai abin da yake shan wuta, ya zare fis ɗin fitilun Malam Idi ba ta mutu ba. Can sai ya kwantar da kujerar baya ya ce in zo in leƙa. But ɗin motar a rufe, amma cikinsa shuɗi tar. Ragowar igiyar fitilar ce, ni na liƙa ta da hannuna bayan na baro rumfar Malam Idi, na ɗaure da salatif a jikin wata jar waya da na ga tana da wuta. Ni duk zatona kamar firji take, in an buɗe ta kama in an rufe ta mutu. Wallahi sai na zauna a ƙasa.

Ba wanda ya sani sai matata, ta ce in ja bakina in yi shiru, don ƙannen Malam Idi sun rantse ba su bar maganar ba, in suka ji babu ma satar sai sun ga jinina. Ni ma tsoron nake ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma jiya bayan La'asar muka yi kiciɓis a ƙofar masallaci, hannun yana rataye a wuyansa. Na zaci zai kau da kai, sai ya miƙo min hagu, har yana ba ni haƙuri wai da hagu ya gaishe ni. Ya ce dukan ya yafe, amma wallahi bai taɓa batirina ba, ya ce 'yarsa ta daina zuwa Islamiyya saboda ana ce mata 'yar ɓarawo.

To jama'a ya zan yi? In na bi shi gida a ɓoye na roƙe shi na san zai yafe, amma gari zai ci gaba da kiransa ɓarawo. In kuma na tsaya a bakin rumfarsa ranar kasuwa na faɗa da ƙarfi yadda na yi ihun, ban san da wace kama zan koma gida ba. Wanne za ku zaɓa in ku ne?