Maƙeri Ya Miƙe Mini Wuƙaƙe

Tasawa, daren Laraba, tsakiyar damina

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na tarar babu injin aske ciyawata a zaure. Ashe Kawu Idi ne ya ɗora shi a amalanke ya kai wa maƙeri, wai ya ga wuƙaƙen a murɗe.

To ai a murɗe ake ƙera su! Haka suke juyawa su datse ciyawa kamar almakashi. Sai da na zaga kasuwar Maraɗi kafin na zaɓi wannan da ake turawa da hannu, don ba ya shan mai, ba ya ƙarar da za ta firgita yara.

Da la'asar sai ga Kawu da injin, yana murmushi. "Ɗiyata, an cuce ki a Maraɗi, amma mun gyara. Dubi, kowace ta miƙe sambal kamar adda."

Na tura shi a tsakar gida, ya cije, ko tsinke bai yanka ba. Na ce, "Kawu, da ka tambaye ni mana." Ya ce tun yaushe ake tambayar mace zancen ƙarfe. Don girmansa na ja injin na mayar zaure.

Ran Asabar ƴan matan ajina za su zo karatu a kan ciyawar nan. Uwar ɗalibata Rabi ta ce in ba a aske ba ɗiyarta ba ta zuwa, tana tsoron maciji. Ga Rabi yanzu ta fara haɗa baƙi, ba zan yarda ta tsaya ba.

Gobe da asuba zan aro lauje biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Kawu. Ba mai shan kunu a gidan nan sai ciyawar ta kwanta.