Makanikenka yana nan rataye a wajen jirgi

Assalamu alaikum, Yaya Bashir. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan ta same ka lafiya a duk inda kake. Na rubuta ta inda kowa zai gani ne, domin wayarka ta daina shiga tun da motar kayanku ta kama hanyar Kamaru. Wataƙila wani ya gan ka ya karanta maka.

Ka tuna inda ka bar mana wasanmu? A bayan shagon Baba, kan buhunan shinkafa, mun zama ma'aikatan jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Kai ke riƙe da littafin dokoki, kai kuma ka ɗauki matsayin makanike, don kowa ya ƙi shi.

A zamanmu na ƙarshe makanikenka ya fita wajen jirgi gyaran inji, da igiya ɗaure a ƙugunsa. Sai aka kira la'asar. Ka rufe littafin ka miƙa mini, ka ce in ka dawo daga tafiya za mu ƙarasa.

Jiya muka zauna ba kai, don zaman jiran ya ishe mu. 'Yan fashin sama sun kusa cim mana, dole jirgi ya yi tsalle zuwa wani tauraro. Dokar ta ce duk abin da ke jikin jirgi zai tafi da shi, abin da ke waje kuwa an bar shi har abada. Na karanta Faransancin littafin nan har kaina ya yi zafi, dokar ba ta ce uffan kan mutumin da ke rataye da igiya ba.

Cyrille, abokinka na unguwar Miskine, ya ce igiya ai jikin jirgi ce. Zara sarkin gardama ta ce a jefa ɗan ludo a gani ko za ta tsinke. Duk suka zuba mini ido. Kai kakan ce mai riƙe da littafi ba ya cewa bai sani ba.

Na ɗauki ɗan ludon, amma ban jefa ba. Tsoro nake ji, Yaya. Inna ta daina cin abincin kirki, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ta miƙe zumbur. Jita-jitar hanya kuwa ta cika unguwarmu ta Kilomita Biyar, ba ni da ƙarfin sauraro. Na san wasa ne. Amma in ya faɗi a kan ɗaya, igiyar ta tsinke fa? Da wane baki zan ce mun tafi mun bar ka?

Ga hukuncin da na yanke: ba mai jefa wa wani abin da ya shafi ransa, sai shi da hannunsa. Jirgi ba zai motsa ba, ko 'yan fashin za su cinye mu. Ko Zara ba ta yi musu ba.

Allah Ya tsare min kai, Ya buɗe maka hanya, Ya dawo da kai gaban Inna da ƙafafunka. Ɗan ludon yana ƙulle a bakin zanena. Ka zo ka jefa.

Ƙanwarka da ke riƙe da igiya,
Hajara