Dunduniyar Takalmin Yasen

Plovdiv, 3 ga Oktoba

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Tryavna bai fara taɓa ka ba. Shekara uku ke nan ba ka amsa mini wasiƙa, don haka yau takalmina na aiko shagonka ka gyara mini. Masu gyaran nan gam kawai suka sani.

Gwiwata ta dama ta hana ni sakat. Likita ta ce shekarun da na yi ina ranƙwafawa don ɓoye ƙirji sun lanƙwasa mini baya. Tun da aka yi mini tiyatar ƙirjin nake koyon miƙewa kamar yaron goye. Ran Lahadi nakan dafa wake irin na Mama, in ci ni kaɗai.

Naka,
Yasen

Tryavna, 19 ga Oktoba

Yasna,

Lafiya lau. Ni wasiƙa ba ta gaya mini komai, dunduniya nake karantawa. Taki ta cinye ta gefen waje, ta dama ta fi. Kina tafiya a tale kamar mai ɗauke da ganga. Yarinyar da na sassaƙa wa katakon ƙafa na ɗinka takalmi ba haka take taka ƙasa ba. Wa kike kwaikwayo? Shi ya lalata miki gwiwa.

Katakon yana nan a rataye kusa da na marigayiya uwarki, da sunanki a jiki. Gidan ya yi shiru da yawa.

Mahaifinki,
Gencho

Plovdiv, 25 ga Oktoba

Baba,

Na gode da amsa. Kai nake kwaikwayo. Tun ina bin bayanka zuwa shago na haddace takunka, kuma ban san tafiyar wani namiji kamar taka ba. Da ita nake shiga mota don kada a tsare ni da ido. Kewarka ta ishe ni. In ba za ka iya ba, mayar mini da takalmin yadda yake.

Ɗanka,
Yasen

Tryavna, 2 ga Nuwamba

Sakarai,

Daga kan bishiya na faɗo na karya ƙugu tun ba a haife ka ba. Ɗingishi ka haddace.

Ba na auna ƙafa ta wasiƙa. Motar Asabar tana isowa da azahar. Na kankare tsohon sunan daga katakon, sai ka zo ka gaya mini yadda ake rubuta sabon.

Allah ya kawo ka lafiya.
Babanka