Gwajin Daƙiƙa Huɗu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, da yara? Ina fatan ƙafar taki ta daina kumburi.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai a wurin aiki. Kin san 'yar na'urar da muke haɗawa, mai lura da sanyin firjin magani? Ba ta kai tafin hannu ba. An ba ni jerin gwaje-gwaje ɗari biyu in gwada zuciyar manhajar da ke tuƙa ta. A babbar kwamfutata sukan ci minti ashirin. A kan wannan 'yar mitsitsiyar kuwa, daƙiƙa huɗu, wai duk sun ci!

Oga har da tafi, ya ce ranar Alhamis za a tura kaya. Ni dai na zauna ina kallon ta. Abin da ko numfashi da ƙyar take yi, yaushe ta yi wannan gudu? Zan ɗan leƙa cikinta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin labarin ƙafar.

Ashe 'yar na'urar nan ba ta gwada komai ba! Don ta yi sauƙi, an rage mata kayan aiki, an bar mata ƙananan umarni kaɗan. Gwaje-gwajen kuma an rubuta su ne don manyan kwamfutoci. Sai su kira umarnin da babu, a ce babu, su haɗiye kuskuren su rubuta an ci. Dariya na yi ni kaɗai.

Kwana shida ina sake rubuta su da abin da take da shi. Tara suka faɗi. Takwas laifin rubutuna ne. Na taran gaske ne: in wuta ta ɗauke ta dawo, agogonta kan koma baya, ƙararrawa ba za ta yi kuka ba ko firji ya ɗumama.

An ɗage tura kaya. Kwana biyu Oga ko gaisuwata ba ya amsawa sosai, har na fara tunanin na jawo wa kaina. Yau da safe sai ga shi da kwali, tsofaffin na'urori iri biyar da muka sayar tun bara. Ya dire a teburina, ya ce in gwada su su ma.

Na riga na jona ta farko, na sa mata tsofaffin gwaje-gwajen nan. Daƙiƙa huɗu, Yaya.

Ki sa ni a addu'a.
Taki, Auta