Famfon Sadakar Malam

Juma'a, 1 ga Agusta, 2025

Yau aka kai Kausar yaye Bodinga, gidan Inna Zulai, uwar mijina Maniru. Kausar. Kausar. A littafin nan kaɗai nake da ikon kiran sunan. 'Yar fari ce, a gaban mutane sai dai in ce "yarinyar" in kau da kai, kamar aro mini ita aka yi. Na sauke ta daga goyo, na gaida Inna, na fito tana tsala kuka ban waiwaya ba. Mata suka ce Safinatu akwai kunya. To, madalla, an yaba.

Ba kukan ne ya tsaya mini a rai ba, famfon ƙofar gidan ne. Bara Maniru da yayansa Sha'aibu suka jawo shi, sadaka ga mahaifinsu marigayi Malam Haliru, unguwa duka na ɗiba. Ina tsaye ina jiran Maniru ya ta da babur sai na bi bututun da ido. Cikin kwata ya bi! Kwatar da wanka da wanki da ƙazantar layin duka ke zuba. Wuri guda ya tsage, an naɗe shi da tsohuwar roba. Ina nan aka kawo ruwa. Na farko ja, kamar shayi. Yara suka bari ya zuba ya washe, suka tara bokitai.

Yau aka raba ta da nono. Wannan za ta sha.

Asabar, 2 ga Agusta

Nono ya cika ya yi tauri, ko hannu ba na iya ɗagawa.

Na faɗa wa Maniru. Bai ko ɗago daga keken ɗinkinsa ba. Wai, "Mu duka shi muka sha in mun tai gida, mi yas same mu?" Na ce to a ce wa Inna ta riƙa tafasa na yarinyar. Sai lokacin ya dube ni. "In ce ma Inna ruwan sadakam Malam na da dauɗa? Ke ki hwaɗi mata."

Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa. Mugu.

Litinin, 4 ga Agusta

An yi ruwan sama sosai a nan Shagari. Kowa na murnar gero, ni ina ganin kwatar nan ta cika ta shanye bututun.

Laraba, 6 ga Agusta

Sha'aibu ya zo kasuwa, ya biyo gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce yaya mutanen gida, yaya Inna, yaya awaki ma na tambaya. Wadda nake son tambaya ban tambaya ba, shi kuma yana kallona yana murmushi bai faɗa ba.

Ashe Maniru ya kai masa zancen. Ya gyara zama ya ɗauko mini karatu. Wai malamai sun gama magana: ruwa in launinsa bai sāke ba, warinsa bai sāke ba, ɗanɗanonsa bai sāke ba, to mai tsarki ne. "Liman da kainai da shi yaka alwala, Safinatu. Ko kin hi liman sani?"

Na ce a'a, Yaya. Kaina a ƙasa.

Ga amsar da na haɗiye, bari in ajiye ta nan kada ta kashe ni: tsarki na alwala ne! Cikin yarinya ba salla zai yi da ruwan ba, sha zai yi. Kuma launin ma ya sāke, ni na gani da idona, jira kawai ake ya washe a ce bai sāke ba. Tsarki daban, lafiya daban, amma wa zan faɗa wa? Bango?

Ya ci tuwona ya suɗe hannu ya tafi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na yi dabara. Na aika wa Inna sabon filas da butar dafa ruwa, wai tsaraba. Na kira Hasiya, ƙanwar Maniru da ke aure layin bayansu, na ce don Allah ta riƙa cika filas ɗin da tafasasshen ruwa, ba sai ta ce komai ba. Ta ce to.

Asabar, 9 ga Agusta

Filas ya dawo. Cike da kunun tsamiya mai zafi, wai Inna ta gode, ita ba ta shan shayi, amma ni in sha kunu nono ya kwanta. Na rasa abin da zan yi, in yi dariya ko in fasa shi da ƙasa. Kunun ya yi daɗi, abin haushin ke nan.

Butar tana can. Hasiya ta ce an jera ta saman kabad don kada ta yi baƙi.

Lahadi, 10 ga Agusta

Hasiya a waya: yaranta biyu na zawo, da na maƙwabta. An ce ɗanyar masara ce, wasu sun ce haƙori. Yaro ɗan makaranta, wane haƙori? Na ce, yarinyar fa? Ta ce "lahiya lau" da sauri, ta ce cajinta zai ƙare.

Ban yarda ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Na ce wa Maniru ina son zuwa Bodinga. Ya ce in ta gan ni yaye ya lalace, kuma mutane su ce me? Mutane. Kullum mutane. Ko ɗaya cikinsu bai yi naƙudarta ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Jiya ban samu rubutu ba. A asibiti nake, a kan benci.

Hasiya ce ta kira da hantsi tana kuka. Tun ranar Juma'a Kausar ke zawo, jiya amai ya haɗu. Inna ta ce zawon yaye ne, kowane yaro na yi, kada a gaya mini hankalina ya tashi. Tana ta ba ta jiƙo. Da wane ruwa aka jiƙa?

Na yafa hijabi na tafi shagon Maniru. Abokansa cike da benci. Ban yi sallama ba. Na ce, "Kausar ba ta lahiya, ni na tahi." Da sunanta, da ƙarfi. Wani ya sunkuyar da kai don kunyata. Ya sunkuya har ƙasa in ya so. Na wuce tasha, Maniru ya cim mini da babur, muka kama hanyar Bodinga.

Da na ɗaga zanen da aka lulluɓe ta ban gane 'yata ba. Ido ya faɗa, leɓe ya bushe, kuka take ba hawaye. Na sure ta, ban gaida kowa ba. Inna ta biyo mu ko takalmi babu.

An sa mata ƙarin ruwa. Ɗakin cike da yara, rabinsu 'yan layin Inna. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya wane ruwa take sha. Inna ta dubi Maniru. Maniru ya kau da kai. Na ce famfon ƙofar gida, na sadaka, wanda ya bi ta kwata. Kowa ya ji. Ma'aikaciyar ta ce na wancan gadon ma shi ya sha, da na can.

Ban yi nadama ba. In aka sāke tambaya zan sāke faɗa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ta buɗe ido. Alhamdu lillahi.

An cire ƙarin ruwan, an ce a riƙa ba ta haɗin gishiri da sukari a tafasasshen ruwa, cokali cokali. Na haɗa da hannuna, na matso. Ta dube ni, ta juya kai, ta cusa fuska cikin zanen Inna. Na sāke gwadawa, ta ture cokalin. Na kira ta a hankali. Ta ƙara ƙanƙame Inna.

Yaye ya yi kyau ke nan. Abin da ake so ya samu, ta manta da ni.

Dole na miƙa wa Inna kofin. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta ba ta, ta sha. Ni in tafasa, ni in haɗa, ita ta ba ta. Matar da ta ɓoye mini. Na fita bayan ɗakin na yi kuka har na gaji, na wanke fuska na dawo, don lokacin wani cokalin ya yi.

Juma'a, 15 ga Agusta

Maniru ya ce bayan sallar Juma'a maza sun taru sun tono bututun. Ba wuri guda ba ne, duk inda ya bi kwata a tsage yake. An rufe famfon sai an sāke hanya. Sha'aibu ya leƙo da lemo a leda, ya ce, "Ikon Allah, ruwa kau garai-garai." Ko haƙuri babu. Na karɓi lemon na ba na gadon kusa.

Wani yaro na layin bai tashi ba. Ɗan gidan mai niƙa. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

An sallame mu. Muna gidan Inna, tunda har yau Kausar ba ta cin komai sai daga hannunta. Na sauko da butar daga kabad ban tambayi kowa ba, gindinta ya yi baƙi yanzu.

Ban yi wa Inna magana ba tun ranar Talata, sai gaisuwa. Na shirya abin da zan faɗa mata, dogo ne, na sha bitarsa.

Ɗazu da la'asar muna tsakar gida, Kausar na barci a cinyarta. Sai yau na dube ta da kyau. Ta zabge. Ina lura tana yawan zagayawa, ashe ita ma cikin ya kama ta, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta kira ni, "Safinatu." Na ce na'am, na gyara baki.

Ta ce, "Ke kin yi karatu. Duk wanda yas sha ruwan ga, an ce ladan na zuwa ma Malam kabarinai. To, wanda yas sha yam mutu hwa? Shi ma can aka kai mishi?"

Ta ce tun ranar da ɗan mai niƙa ya rasu ba ta runtsa ba.

Na nemi dogon zancena na rasa. Na ce a'a, Inna, Malam bai san da kwata ba, Allah niyya yake dubawa. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

Ban yafe ba. Kada wani ya ce na yafe. Na dai tashi na haɗa gishiri da sukari kofi biyu. Ta ce ita ba ta so, na yarinya ne. Na ce, Inna, buɗe baki.

Ta buɗe.