Ƙafar da za ta zauna a Madina

Zuwa ga ƙanwata Kaltuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗan'uwan da ya daɗe bai ga fuskarki ba, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sanusi da dukan mutanen gida a Daura. Na ji labari Zakiyya ta haifi 'ya mace, Allah ya raya, ya sa mahaddaciya ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai na huta sau uku kafin na cika shafi. Na zaɓi takarda ne domin abin da zan faɗa ba zai fita daga bakina ta waya ba.

Kin san ciwon sukarin da nake fama da shi tun kafin rasuwar matata Asama'u. Abin da na ɓoye miki shi ne, tun bara ƙafata ta hagu ta fara sanyi kamar ba tawa ba, in na yi taku ɗari sai sharaɓa ta ƙulle na tsaya. Likita ya ce jijiyoyin jini ne suka toshe. Duk da haka ban fasa zuwa Harami, Masallacin Annabi, ba, ina hawa mota daga unguwarmu Sultana, sauran na ƙarasa da sanda.

A can na haɗu da wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar Sin mai suna Sharfuddeen, wanda ya zo ganin ɗansa da ke karatu a jami'a. Ya ga yadda nake jan ƙafa bayan la'asar, ya matsa mini wuri. Larabcinsa na littafi ne, nawa na kasuwa, amma mun fahimci juna. Ya ce ya gaji maganin gargajiyar ƙasarsu daga mahaifinsa. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ya koma na hagu, ya duba harshena, sannan ya taɓa bayan ƙafar ya girgiza kai. Ya ce a iliminsu jini ba ya tafiya da kansa, akwai wani ƙarfi a jiki da ke tura shi kamar yadda iska ke tura hadari. In ƙarfin ya raunana, ko sanyi ya shiga, sai jini ya kwanta. Ya ce baƙin ciki ma yana ƙulle shi. Daga nan ya tambaye ni wa ya rasu mini. Kaltuma, shekara huɗu ba wanda ya yi mini wannan tambaya, sai baƙon da ko sunana bai iya faɗa daidai ba.

Bayan kwana biyu ya kawo mini wata jar saiwa da busasshiyar citta. Ya ce kada na bar maganin asibiti ko na kwana ɗaya, na dafa waɗannan na riƙa jiƙa ƙafa a ruwansu, amma mai ɗumi kawai, kamar madarar da aka tatso yanzu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙafarka ba ta jin zafi. Wani ya fara sa hannunsa a ruwan kafin ka sa ta. Akwai wani a gida?" Na ce akwai. Kunya ce ta sa na faɗi haka, Allah ya yafe mini.

Sati biyu na bi maganarsa, kuma na ga kamar yatsun sun ɗan yi ja, ko dai zuciyata ce ta so ganin haka. Sai na tuna yadda Inna take gasa mana targaɗe da ruwan da ke tururi, tana cewa ruwan da bai sa ka ihu ba bai yi aiki ba. Da haka muka tashi, kin sani. Na ce a raina mutanen Sin ba su san jikin Bahaushe ba, in ɗumi ya motsa jini, zafi zai kore shi da gudu. Wata safiya na sauke tukunya, na juye a roba, na tsoma ƙafa. Ban ji komai ba. Na zauna ina lazimi har na gama, ina jin daɗi ma. Da na ciro ta, fatar ta biyo tawul.

Wata biyu ke nan, ƙunar ta ƙi warkewa saboda jini ba ya isa wurin, yatsu uku sun yi baƙi. Sharfuddeen ya zo asibiti ana gobe zai koma ƙasarsu. Da ya ga ba kowa a gefen gadona, bai tambaye ni komai ba, ya zauna ya riƙe wuyan hannuna har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Ba laifinsa ba ne, kada wani a gida ya ce maganin Sin ne ya cuce ni. Likitoci sun ce ranar Alhamis ta sama za su yanke ta daga ƙasan gwiwa, na kuma sa hannu.

Ɗana Muhsin yana garin Dammam, maigidansa a wurin aiki ya ba shi hutun kwana uku kacal. In na yi masa Hausa, da Larabci yake amsa mini, ya ce kada na damu. Ɗakinsu ɗaya shi da matarsa da yara huɗu, ba zan ɗora masa kaina ba. Ɗakina kuma yana hawa na uku, matakala arba'in da biyu, na ƙirga su da sanda.

Shekara arba'in da ɗaya ina cikin garin nan, kuma kin san dalili. Duk lokacin da kika ce na dawo, nakan ce miki ina jiran a kai ni maƙabartar Baƙi'a inda aka kai Asama'u. Yanzu na gane mutuwa ba ta gaggawa da ni, kuma ba zan iya jiranta a saman bene ba tare da mai miƙo mini buta ba. Na tambayi likita abin da ake yi da ƙafar da aka yanke, ya ce binne ta ake yi a nan garin. Ban tambaye shi wace maƙabarta ba, ba na son na sani. Ita ce ta yi ta kai ni Masallacin Annabi duk shekarun nan, ita ta cancanta.

Don haka ina roƙonki, ki yi magana da Malam Sanusi. In ɗakin zaure na nan babu kowa, a share mini. Ba na bukatar gado, katifa a ƙasa ta fi mini. Ba zan dame ku ba, abinci kaɗan nake ci. Abu ɗaya nake so, in an kawo mini ruwan alwala, wani ya fara sa hannu a ciki.

Ki gaishe da Malam Sanusi, da Zakiyya da jaririyarta, da Rumaisa, da Yaya Raudatu in har tana gane mutane. Ku sa ni a addu'a ranar Alhamis.

Yayanki,
Shittu
Sultana, Madina